Takardar da ke cikin jakar wakilin magani

Duk wanda ya taɓa zaman jiran likita a babban asibiti ya san su, ko da bai san sunan aikinsu ba. Ana zaune a kan benci tun hantsi, kowa da katinsa a hannu, wata ta goya yaro mai zazzaɓi, wani dattijo ya jingina da bango yana jan carbi, sai ka ga matashi ya shigo tsaf-tsaf, riga a soke cikin wando, takalmi yana ƙyalli, da jaka a rataye. Ba ya yankar kati. Yakan gaisa da nas da sunanta, ya ja gefe ya tsaya, da zarar mara lafiya ya fito, kafin a kira na gaba, sai ya faɗa ciki. Minti uku ko biyar ya fito. A teburin likita ya bar biro da ɗan littafin rubutu, wani lokaci har da kalanda, duk da sunan magani a jiki. Ma'aikatan asibiti suna ce masa ref. Wakilin kamfanin magani ke nan.

Ba na cikin masu yi wa waɗannan matasa kallon 'yan damfara. Da yawansu harhaɗa magunguna suka karanta a jami'a, wasu kuma kimiyyar ƙwayoyin cuta, aikin gwamnati bai samu ba, kamfani ya ɗauke su ya ba su mota da yanki. Mutum ɗaya sai a haɗa masa jihohi biyu ko uku, ya kwana a Gusau ya wayi gari a kan hanyar Sakkwato, hanyoyin da kowa ya san halin da suke ciki. Aikin nasu kuma yana da amfani na gaskiya. Likitan da layi ke jiran sa har bakin ƙofa ba shi da sukunin bin mujallun bincike, sau da yawa daga bakin ref yake fara jin cewa an fito da sabon maganin hawan jini, ko an sauya yadda ake ba da wani. Abin da ya dame ni yana cikin jakar ne. Ban da takardun talla da samfurin magani, akwai wata takarda da likita bai taɓa gani ba, mara lafiya kuma bai ma san da zamanta ba. Ita ce ta faɗi cinikin da ake so ya kawo a wata, ko a wata uku, da kuɗin da zai samu in ya kawo. Su suna ce mata taget. A ganina wannan takarda ita ce ainihin maganar da kamfani ke faɗa wa ma'aikacinsa. Duk horon ɗa'a da za a yi masa na kwana biyu a otal, in ya saɓa da ita, ita zai bi, domin ita ke biyan kuɗin haya da na makarantar yara.

Tsarin biyan kusan iri ɗaya ne a ko'ina, nauyin ne ke bambanta. Akwai albashi tsayayye da ke zuwa duk wata, sai kuma kamasho, ko bonas, wanda aka ɗaure da ciniki. Amma ba a biyan kamashon kamar la'adar dillalin kara, wato a ce kowace saniya ga abin da ke kanta. Ana gina shi ne hawa-hawa, kuma a wajen hawan nan matsalar take. Mu ɗauka an ce wa ref ya kawo cinikin naira miliyan 20 cikin wata uku, kuma ko sisi ba zai gani ba sai ya kai kashi 90 cikin 100. Saura kwana huɗu wa'adi ya cika, yana kan miliyan 17. Miliyan ɗayan nan da ta rage masa ta fi 17 ɗin da ya riga ya kawo daraja a wurinsa, domin ita ce tsakaninsa da samu ko rashi. A irin kwanakin nan ne mutumin kirki ke fara kiran lambobin da a farkon wata ba zai kira ba. In kuma ya wuce taget, yawancin tsare-tsare suna ƙara masa kaso a kan duk abin da ya haura, don kada ya miƙe ƙafa. Sannan a jera wakilai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, na sama a kai su yawon buɗe ido a ba su lambar yabo, na ƙasa a ba su takardar gargaɗi. Shekara mai zuwa kuma, a kan abin da ya kawo bana za a ɗora masa sabon taget. Wanda ya yi ƙoƙari, ladansa shi ne ƙarin kaya.

Wani zai ce ai haka ake biyan masu tallan sabulu da lemon kwalba da katin waya, me ya sa magani zai fita daban? Amsar tana ga wanda ke zaɓa. Matar da ta sayi sabulu ita ta zaɓa, ita ta biya, ita ta yi wanki da shi. In bai yi kumfa ba, ba za ta koma ba, kuma duk daɗin bakin mai talla bai isa ya mai da ita ba. A magani kuwa abin ya rabu gida uku. Likita ke zaɓa, kuma ba aljihunsa za a taɓa ba. Mara lafiya ko inshora ke biya. Jikin mara lafiya ke ɗaukar abin da ya biyo baya. Uwar da aka rubuta wa ɗanta magani mai tsada ba ta da hanyar sanin cewa a kan kanta ɗaya akwai irinsa sak, sinadari ɗaya, ƙarfi ɗaya, a rubu'in kuɗin. Za ta sayar da akuya ta saya, domin likita ne ya rubuta. A Najeriya, inda fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ga kuma abu na biyu. Sabulu in ya yi yawa asarar kuɗi ce kawai, magani in ya yi yawa guba ne.

Ba yau aka gane haka ba. A 1988 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙa'idojin tallata magunguna, kuma a cikinsu akwai jimla guda da ta taɓo wannan batu kai tsaye: don gudun wuce gona da iri wajen talla, bai kamata mafi yawan abin da ake biyan wakilin magani ya rataya kai tsaye a kan yawan cinikin da ya kawo ba. Shawara ce, ba doka ba. Abin da ya faru a shekarun da suka biyo baya ya nuna tsadar ƙin jin ta.

A Amurka abin ya fi fitowa fili, ba don kamfanonin can sun fi na ko'ina rashin tausayi ba, sai don shari'o'i sun sa an baje takardunsu na cikin gida a gaban kotu. Can ref ba ya sayar da ko ƙwaya ɗaya. Likita ke rubutawa, kantin magani ya bayar. Har sai da wannan ya zama abin jayayya a Kotun Ƙoli a 2012, lokacin da wasu wakilai biyu na GlaxoSmithKline suka nemi a biya su kuɗin aikin bayan lokaci, suna cewa su ba 'yan ciniki ba ne tunda ba su sayar da komai. Alƙalai biyar cikin tara suka ce 'yan ciniki ne, domin abin da suke karɓa daga likita, wato alkawarin baki cewa zai rubuta maganinsu, shi ne ciniki a wannan sana'a. To ta yaya kamfani ke sanin likitan ya cika alkawari? Kantunan magani suna sayar da bayanan takardun da suka karɓa, babu sunan mara lafiya amma da na likita, ga kamfanonin tattara bayanai irin su IMS Health, wanda yanzu ake kira IQVIA, su kuma su sayar wa masu yin magani. Saboda haka ref kan shiga ofishin likita ya riga ya san sau nawa wannan likitan ya rubuta maganinsa a kwanan nan, sau nawa kuma ya rubuta na abokin hamayya. Jihar Vermont ta yi dokar taƙaita wannan ciniki, Kotun Ƙoli ta soke ta a 2011. A kan waɗannan alƙaluma ake lissafa kamashonsa.

Yanzu a ɗora wannan tsari a kan magani mai sa kamu. A 1996 kamfanin Purdue Pharma, na iyalan Sackler, ya fito da OxyContin, maganin ciwo ɗan dangin kodin da taramol, amma ya fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. Cinikinsa a shekarar farko dala miliyan 48 ne. Zuwa 2000 ya kusa dala biliyan 1.1, wakilan kamfanin kuma sun tashi daga 318 zuwa 671. A 2001 matsakaicin albashin wakili dala 55,000 ne a shekara, matsakaicin bonas kuwa dala 71,500, wasu ma har kusan dala 240,000 suka karɓa. A wannan shekara kaɗai kamfanin ya raba dala miliyan 40 a matsayin bonas. A tsaya a kan wannan: bonas ya fi albashi. Mutumin da fiye da rabin abincinsa ya rataya a kan yawan ƙwayar da aka sha a yankinsa, wane likita zai fi kai wa ziyara? Wanda ya fi kowa sakin alƙalami, ko da kuwa layin da ke ƙofarsa bai yi kama da layin marasa lafiya ba. An koya wa wakilan su riƙa ce wa likitoci haɗarin kamu bai kai kashi 1 cikin 100 ba, maganar da ba ta da tushe ga masu shan sa na dogon lokaci. An kuma tallata maganin a kan cewa yana riƙe ciwo awa 12. Da marasa lafiya da yawa suka fara kukan yana sakin su kafin lokaci, binciken jaridar Los Angeles Times na 2016 ya nuna cewa an umarci wakilai su ce wa likitoci kada su ƙara yawan lokutan sha, su ƙara ƙarfin ƙwayar. Ƙwaya mai ƙarfi ta fi tsada, ta fi kawo ciniki, ta fi kuma kashewa.

A 2007 kamfanin da manyan jami'ansa uku suka amsa laifin yaudara a kan haɗarin maganin, aka ci su tarar dala miliyan 634. A 2020 kamfanin ya sake amsa laifi, har da na biyan likitoci toshiyar baki da sunan ladan lacca. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa tsakanin 1999 da 2021 mutum kusan 645,000 ne suka mutu saboda shan irin waɗannan ƙwayoyi fiye da kima. Ba duka OxyContin ya kashe ba, heroyin da fentanil na kasuwar bayan fage, 'yan danginsa masu ƙarfi, sun karɓi tutar daga baya. Amma zangon farko na annobar daga alƙalamin likita ya fara.

Na kamfanin Insys Therapeutics ya fi wannan tsiraici. Maganinsa Subsys, fentanil ne da ake fesawa a ƙarƙashin harshe, an ba shi izini a 2012 don masu cutar daji waɗanda ciwonsu ya gagari sauran magunguna. Masu irin wannan larura ba su da yawa, saboda haka kasuwar ƙarama ce. Sai kamfanin ya riƙa biyan wakilansa albashi ƙasa da na takwarorinsu, ya buɗe musu kamasho, kuma kamashon yana ƙaruwa in likita ya rubuta mai ƙarfi. Aka riƙa shirya wa likitoci liyafar lacca a gidajen cin abinci, a biya su ladan jawabi, alhali wani lokaci babu mai sauraro sai ref ɗin da abokan likitan. Aka riƙa rubuta maganin ga masu ciwon baya da ciwon gaɓoɓi waɗanda ba su da cutar daji. A 2019 masu taya alƙali shari'a a kotun tarayya da ke Boston suka sami mai kamfanin, John Kapoor, da laifin haɗa baki wajen aikata zamba, daga baya aka ɗaure shi shekara biyar da rabi. Na kawo wannan ne don abu guda. Hausawa na cewa babu mugun sarki sai mugun bafade, kuma duk lokacin da asiri ya tonu, abin da kamfani ke fara faɗa ke nan, cewa wasu ɓatagarin ma'aikata ne suka saɓa ƙa'ida. Kotun Boston ta bi zaren har sama. Bafade ba shi ya rubuta takardar taget ba.

Masana tattalin arziki sun daɗe da bayanin abin da ke faruwa a nan. A 1991 Bengt Holmström da Paul Milgrom, waɗanda daga baya kowannensu ya sami kyautar Nobel, suka nuna cewa in aiki yana da fuskoki da yawa amma guda ɗaya ce kaɗai ake iya aunawa, to ɗora lada mai tsoka a kan wannan guda ɗayar yana janye ƙoƙarin ma'aikaci daga sauran. Aikin ref haka yake. Ana so ya sayar, ana so ya faɗi illar maganin kamar yadda ya faɗi amfaninsa, ana so ya gaya wa likita wanda bai kamata a ba wa ba, ana so ya kai wa kamfani rahoton duk wata illa da aka gani. Na farkon kaɗai ke shiga lissafi. Ref ɗin da ya ce wa likita, "Dakta, wannan kada ka ba masu ciwon ƙoda," ya yi aikin da ya fi kowanne daraja a ranar, amma a takardar kamasho ragi ya jawo wa kansa.

Kada kuma a ɗauka sai an kai ga ambulan mai kauri abin ke aiki. A 2010 Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanoni bayyana duk abin da suka ba likita, aka fara wallafa bayanan a intanet a 2014. Da masu bincike suka haɗa su da takardun magani na likitoci kusan 280,000, sakamakon da suka buga a 2016 ya nuna cewa likitan da aka ciyar da shi ko sau ɗaya, abincin da a matsakaici bai kai dala 20 ba, ya fi wanda ba a ciyar ba yawan rubuta maganin kamfanin da ya ciyar da shi, alhali ga mai rahusa da ke aiki iri ɗaya. Ba na jin akwai likitan da zai sayar da amanarsa a kan faranti ɗaya. Abin da ke faruwa ya fi haka laushi, kuma mu da muka taso cikin al'adar kunya da ramuwar alheri mun fi kowa sanin sa. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Mutum ya zo maka sau goma da fara'a, ya san sunan 'ya'yanka, ya zo ta'aziyyar mahaifinka, ya biya maka kuɗin halartar taron ƙungiyar likitoci. Ranar da ka ɗauki biro, ga magunguna uku masu kama da juna, sunan nasa ne zai fara zuwa maka, kuma har cikin zuciyarka za ka yarda cewa ilimi ne ya zaɓa.

An taɓa gwada kwance wannan ɗauri, kuma labarin gwajin ya cancanci a ba da shi da adalci. A 2011 GlaxoSmithKline, ƙarƙashin shugabansa Andrew Witty, ya daina biyan wakilansa na Amurka bonas a kan cinikin da kowannensu ya kawo. Aka koma auna su da sanin maganin da suke tallatawa, da abin da likitoci suka faɗa game da su, da ribar sashen baki ɗaya. Ba haka kawai aka wayi gari da tuba ba. A 2012 kamfanin ya biya dala biliyan 3 a Amurka, cikin laifukan har da tallata Paxil, maganin ciwon damuwa, ga yara 'yan ƙasa da shekara 18 ba tare da izini ba. A 2013 'yan sandan China suka zarge shi da bi ta kamfanonin shirya tafiye-tafiye yana kai wa likitoci cin hanci, shari'ar da ta ƙare da tarar yuwan biliyan 3 a 2014. A Disambar 2013 kamfanin ya ce zai kai sabon tsarin duk duniya, zai kuma daina biyan likitoci su yi masa jawabin talla. Sai dai manyan abokan hamayyarsa ba su bi shi ba. Bayan Emma Walmsley ta karɓi shugabanci a 2017, kamfanin ya dawo da biyan wasu ƙwararrun likitoci a 2018, a 2019 kuma ya mai da taget na mutum ɗaya ga wasu wakilai a wasu rukunan magunguna, da iyakar da ba za a wuce ba. Darasin da na ɗauka a nan ba wai tsarin ba ya yiwuwa ba ne, ai ya yi shekaru yana tafiya. Kamfani ɗaya ne ba zai iya riƙe shi shi kaɗai ba, a kasuwar da maƙwabcinsa ke jan gwanayen wakilansa da kamasho mai tsoka. Abin da dole kowa ya yi tare, hukuma ce ke iya sa shi.

A wajenmu kuwa lamarin ya ɗauki wata siffa, wadda a ganina ta fi haɗari. Ref a Najeriya ba alkawarin likita kaɗai yake nema ba, katan yake sayarwa. Shi ke kai kaya ga 'yan sari da kantunan magani na asibitoci da famasi da kyamis, shi ke ba da bashi, shi ke bin bashin, kuma in kuɗin ya maƙale, wuyansa ake kamawa. Babu wani tsarin bayanai da ke nuna wane likita ya rubuta me, saboda haka ma'aunin guda ɗaya ne: nawa ya fita daga sito, nawa ya shiga asusu. Inda katan ɗin ya sauka, wannan ba ya cikin lissafi. Ga kuma kasuwannin magani na fili, Idumota a Legas, bakin gada a Onitsha, Ariaria a Aba, da Sabon Gari a Kano kafin a tashe ta, inda ɗan sari ɗaya zai iya kwashe abin da asibitoci goma ba za su saya a wata ba, ya biya lakadan. Ref ɗin da ya rage masa miliyan ɗaya saura kwana huɗu ya san hanyar can. Akwai kuma garaɓasa, sayi katan goma a ƙara maka ɗaya, wadda ke sauka har kan mai kyamis na unguwa. In mace ta leƙo ta ce a ba ta maganin zazzaɓi da ciwon jiki, hannunsa yakan tafi ga wanda ya fi bar masa riba, ko wanda aka jibge masa ya kusa lalacewa.

Mun ga ƙarshen irin wannan hanya a 2018. A ƙarshen watan Afrilu binciken BBC ya nuna yadda ruwan maganin tari mai kodin ke fita daga hannun ma'aikatan kamfanoni zuwa kasuwar bayan fage, da halin da matasa ke ciki a wani gidan kula da masu shaye-shaye a Kano. An ɗauki wani wakilin Emzor a ɓoye yana sayar da shi ba tare da takardar likita ba, kamfanin ya kore shi ya dakatar da rarraba maganin. Ranar 1 ga Mayu gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da yin sa, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna NAFDAC kuma ta rufe kamfanoni uku na ɗan lokaci. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya kan Miyagun Ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a wannan shekara ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 4.6 suna shan ƙwayoyi irin su taramol ba don magani ba, miliyan 2.4 kuma suna shan ruwan tari. An yi ta magana a kan tarbiyya da iyaye da malamai, kuma duk gaskiya ne. Amma akwai tambayar da ta shafi masana'antar baki ɗaya. Duk kamfanin da ke duba cinikinsa duk wata yana ganin yankin da ruwan tari ke fita fiye da yadda tari zai iya yawa. A tsarin da kamasho ke bin katan, wakilin wannan yanki shi ne gwarzon shekara.

Akwai wata ɓarna da ba ta da hayaniya kamar ta kodin, amma ta fi ta faɗi: magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su ja-da-yalon da ake sha kamar gyaɗa. Duk ƙarin shan su ba bisa ƙa'ida ba yana koya wa ƙwayoyin cutar yadda za su bijire musu. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina. Shi ya sa gidauniyar Access to Medicine da ke Amsterdam, tun 2018, take auna kamfanoni da wannan tambaya: shin kun raba bonas ɗin wakilanku da yawan irin waɗannan magunguna da suka sayar? A nan ribar kamfani da lafiyar jama'a sun fuskanci juna sarai, domin maganin da aka fi tattalinsa shi ya fi daɗewa yana aiki.

Ba na kiran a soke kamasho baki ɗaya. Wanda ke yini a mota daga gari zuwa gari yana da haƙƙin a bambanta shi da wanda ya kwanta a gida. Amma albashin ya zama wanda mutum zai iya rayuwa da shi, kamasho ya zama ƙari ne a kai, mai iyaka, kamar yadda aka faɗa tun 1988. A cire tsallen nan na samu duka ko rasa duka, wanda ke mai da ƙarshen wata lokacin rufe ido. Magunguna masu sa kamu da na kashe ƙwayoyin cuta kuwa, a fitar da su daga lissafin kamasho gaba ɗaya. In kuma aka gano kaya sun bi haramtacciyar hanya, a karɓe bonas ɗin daga ref, a karɓe daga manajan yankinsa da wanda ke sama da shi, tunda nasu ladan ma a kan cinikinsa aka gina.

Lokacin ma ya dace. GlaxoSmithKline ya sanar a Agustan 2023 cewa zai daina sayar da kayansa da kansa a Najeriya ya miƙa wa 'yan rarrabawa, kamfanin Sanofi na Faransa ya bi sahu a wannan shekara. Kenan ref ɗin da ke tallata maganin babban kamfani, sau da yawa yanzu ma'aikacin wani ne daban, mai nasa taget, wanda ƙa'idojin da aka rubuta a Landan ko Paris ba lallai su kai gare shi ba. A Kano kuma, a Fabrairun 2024, NAFDAC da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya, PCN, sun rufe shaguna sama da 1,300 a Sabon Gari da kewaye, aka tura 'yan sari sabuwar kasuwar Dangwauro a kan hanyar Zariya, domin a iya bin sawun kowane katan. Wannan ya gyara inda kaya ke sauka. Abin da ke turo su bai canja ba. PCN ce ke sabunta lasisin masu yin magani da masu shigo da shi da masu rarraba shi duk shekara. Cikin takardun da take nema kafin ta sa hannu, ya kamata a ƙara wannan guda ɗaya ta cikin jaka, jami'i ya zauna ya karanta ta: waɗanne magunguna ne ke kanta, a ina aka sa tsallen, kuma kashi nawa na abin da ref ke kai wa gida ya rataya a kan katan.